Juma'ar da Na Murɗa Wutar Babur

Babur ɗin da yake shayar da lambunan ƙauyenmu ya girme ni nesa ba kusa ba. Mu nan gaɓar Nilu, tsakanin garuruwan Hajj Abdalla da Wad Haddad, injin ban ruwa muke kira babur, kuma namu tsoho ne na gaske: silinda ɗaya, ƙatuwar ƙafar ƙarfe mai juyawa a gefe, da koren fenti wanda sai an kankare maiƙo ake ganinsa. Da fetur ake tayar da shi, in ya ɗauki zafi a mayar da shi kan kananzir. Ba shi da batir. Wutarsa daga manyato take fitowa, wani ɗan akwatin ƙarfe da noti biyu suka riƙe a jikinsa, kuma da ƙarfin damtse ake wana shi har ya kama. Iyayenmu ne suka haɗa hannu suka saye shi wurin wani mai gonar auduga da ya gaji da shi, suka kafa masa rumfa a kan gaɓa.

Shekara talatin da 'yan kai babur ɗin yana hannun kawuna, yayan mahaifiyata. Kowa Usta yake kiransa, wato gwanin inji, har limaminmu. A al'adar lambunan, wanda yake riƙe da babur shi yake tafiya gida da manafila, wato ƙarfen da ake wana injin da shi, kuma kowane mai lambu yakan bar masa fangali ɗaya na abin da ya shuka. Amma ba fangalin ne ya tsone mini ido ba. In an kawo jabana, wato gahawa, rumfar babur, kofin farko na Kawu ne. In gardama ta tashi kan wanda za a fara sakar wa ruwa, da ya buɗe baki ta mutu.

Ni kuwa shekara goma sha huɗu ina bayansa. Ya ɗauke ni ina saurayi, na yi aure, na haifi 'ya'ya uku, furfura ta fara leƙowa a gemuna, amma har lokacin ni ne mai wanke fulogi da miƙo sifana. Ba wai ban iya aikin ba. Na iya, ko in ce haka nake gani. Wata rana wani mutum ya zo daga garin Dinder yana neman wanda zai duba masa injinsa. Na tarbe shi, na ba shi ruwa, na ce ya faɗa mini abin da injin yake yi. Ya dube ni, ya dubi bayana, ya ce, "Ina ustan naku, ya zol?" wato kai mutumin nan. Maƙwabcinmu mai lambun ayaba, mutum ne da bakinsa ba ya hutawa, yana wurin. Ya yi dariya har da buga cinya. Sati guda ina jin dariyar nan a kunnena.

A lokacin yanar ido ta fara rufe wa Kawu gani. Bai taɓa faɗa ba, amma ni da nake kusa na sani. Yakan lalubi noti kafin ya ɗora sifana. Sau ɗaya ya zuba kananzir a mazubin fetur, na zubar na gyara ban gaya wa kowa ba, kuma na daɗe ina yaba wa kaina wannan kirki. Masu lambu sun fara 'yan ƙananan maganganu, amma ba mai iya duban idonsa ya ce ya huta, domin duk sanyin safiya babur bai taɓa ƙin tashi a hannunsa ba. Sai na fara raya wa kaina cewa safiya ɗaya kawai ake bukata. Safiya ɗaya ya wana ya gaji a gaban mutane, ni kuma in matso in gyara cikin minti biyar. Ba wanda zai ji ciwo, in ji zuciyata. Har na gaya wa kaina taimakonsa zan yi, tunda tsufa ya zo kuma shi ba zai sauka da kansa ba.

Abin da Kawu ya fi nanata mini tun farkon zuwana shi ne lokacin wuta. Dole tartsatsin fulogi ya zo fistan yana gab da kai ƙarshen hawansa, saura kaurin ƙwayar dawa. In wutar ta makara, inji ya yi ta tari yana ƙin tashi. In ta yi gaggawa, ta tari fistan yana tsakar hawa, sai ta mayar da shi baya da ƙarfi. Kuma abin da yake raba waɗannan biyun shi ne yadda manyato yake zaune a kan notinan nan biyu. Ka sassauta su, ka murɗa shi kaɗan, ka sauya komai.

Lokacin sanyi ne, an gama dashen albasa da kwana biyu. Ranar Juma'a aka kashe babur da hantsi, kowa ya hau gida shirin masallaci. Na ce zan tsaya in share rumfa. Da wurin ya yi tsit na ɗauki sifana, na sassauta noti biyun, na murɗa manyato kamar faɗin yatsa, na mayar na ɗaure. Niyyata in makarar da wutar. Na shafa ƙasa a kan notinan don kada su yi ƙyalli, na wanke hannu a kogi, na yi alwala da ruwan nan, na tafi masallaci. A sahu ɗaya muka yi salla da Kawu, kafaɗata tana gogar tasa.

Ranar Asabar da sassafe muka taru a rumfa, mutum bakwai ko takwas, kowa da fartanyarsa yana jiran ruwa. Kawu ya zuba fetur, ya yi bisimilla, ya sa manafila. Ya wana sau ɗaya, shiru. Ya sake, babur ya yi wani gurnani ya tsaya. Ni ina gefe riƙe da tsumma, ina jiran ya gaji. A na uku ya tattara ƙarfinsa ya wana, sai injin ya buga da baya. Manafila ta kuɓuce masa, ta zagayo ta same shi a bayan wuyan hannunsa na dama. Na ji ƙarar ƙashin. Bai yi ihu ba. Ya zauna a ƙasa, ya riƙe hannun da ɗayan, ya ce, "Innalillahi."

Ban san lokacin da tsumman ya faɗi daga hannuna ba. Wutar da na ce zan makarar, ashe gaggauta ta na yi. Shekara goma sha huɗu, ina cika baki na iya, ban ma san wajen da ake murɗa manyato ba in ana son jinkiri.

Aka kama shi za a kai shi wurin maɗori. Kafin su hau gaɓa ya juyo ya ce, "Kada wanda yat taɓa shi sai na komo." Ya sa aka ɗauko masa manafila, ya maƙale ta a hammata. Mai ayaba ya ce mini, "To kai ba ka duba muna? Albasa ba ta san karaya ba." Da na so, da kafin a kai Kawu gida na mayar da manyato wurinsa. Amma tsoro ya riga ya shige ni. In na nufi notinan kai tsaye, wani zai tambayi yadda aka yi na san can matsalar take. Sai na fake da maganar Kawu, na ce ba zan tsallake umarninsa ba. Wasu har suka yaba mini ladabi. Albasa ta wuni ba ruwa, ganyenta ya kwanta a kan ƙasa.

Washegari Kawu ya sauko, hannun dama ɗaure da karare a rataye a wuyansa, fuskarsa ta faɗa. Mutane sun fi na jiya yawa, har da waɗanda ba su da lambu. Mai ayaba bai jira an gama gaisuwa ba ya ce, "Usta, ma'alesh, a yi haƙuri, amma in abin ya gagara mu aika garin Hajj Abdalla a ɗauko makanike. Ba raini ba ne."

Kawu ya ce, "Kwayyis, ba laihi. In ya gagara a aika." Ya dube ni. "Zo nan, kai ne hannuna na dama yau."

Na durƙusa kusa da shi. Ya fara daga farko, yadda ya saba, ba ya tsallake komai. Ya sa na buɗe bututun mai, ya tara yatsa, ya shinshina, fetur ne kuma yana zuwa. Ya sa na kwance fulogi, ya shafa bakinsa da babban yatsa, ya ce a bushe yake, ba laifi. Tartsatsi ba ya ganinsa da rana, don haka ya riƙe ƙarshen wayar da hannun hagu ya ce in juya ƙafar ƙarfen. Wutar ta fizge shi har kafaɗarsa ta motsa. Ya ce, "Wuta akwai ta, da ƙarhinta." Ya toshe ramin fulogi da yatsa, na sake juyawa, iska ta ture yatsan. Nan ma lafiya. Duk abin da ya duba ya wuce, ni kuwa na san saura abu ɗaya.

Ya ce a karyo masa siririn karan dawa, ya zura shi ta ramin fulogi har ya taɓa kan fistan. Ya sa na buɗe murfin manyato. A ciki akwai wasu 'yan ƙarafa biyu da suke haɗe baki, kuma daidai lokacin da suka rabu wuta take tashi. Ya ciro siririyar takarda daga aljihu, irin ta cikin kwalin shayi, ya ce in maƙala ta tsakaninsu. Ya kama bakin takardar da yatsu biyu, ya jingina karan a bayan hannunsa don ya ji hawansa.

"Juya sannu. Sannu, nic ce."

Na juya. Karan ya fara hawa, bai kai ko kusa da ƙarshe ba takardar ta zame ta fito a hannunsa. Ya ce in koma baya mu sake. Muka sake, ta sake fitowa a wuri ɗaya.

Ya ajiye takardar. Ya miƙa hannun hagu ya lalubi gindin manyato. Shekaru ba a taɓa notinan nan ba, maiƙo da ƙura sun daskare a kansu kamar ƙanzo. Yatsansa ya bi na farko, ya bi na biyu, ya murza ƙasar da na shafa ta zube, ya tsaya a kan sabon gurbin da sifana ta bari. Ya daɗe a wurin. Ina kallon yatsan, ban iya ɗaga kai ba. Manyato ba ya murɗa kansa sannan ya ɗaure notinsa, kuma duk ƙauyen mutum biyu ne suka san abin da notinan suke yi. Na jira ya faɗa. Har na fara shirya ƙaryar da zan yi, wai ko yara ne suka yi wasa a rumfar.

Mai ayaba ya ce, "Usta, an gano?"

Kawu ya janye hannunsa ya goge a riga. Ya ce, "Ya jama'a, ku saurara. Idona ya tahi, na daɗe ina ɓoye muku. Jiya kun ga abin da yaf faru. Abin ga na cikin wuta ne, kuma aikin wuta na mai gani ne. Ni halas, na gama. Ga ɗan ƙanwata nan, shi duba muku."

Wani dattijo ya ce haba Usta, karaya ce kawai, za ta warke. Kawu ya girgiza kai, ya ja jiki baya ya ba ni wuri.

Na sassauta notinan. Na mayar da manyato inda tsohon shacinsa yake, na gwada da kara da takarda kamar mai neman abin da bai sani ba, na ɗaure, na mayar da fulogi. Kawu ya turo mini manafila da ƙafa. Wanawa ɗaya babur ya kama. Hayaƙi ya tashi, bututu ya yi kakari, ruwa ya fito ya bi magudana zuwa fangalin farko. Mutane suka yi kabbara. Mai ayaba, shi dai wanda ya yi mini dariya, ya daki kafaɗata ya ce, "Wallahi ashe usta muke da shi muna zaune!" Aka kawo jabana, aka miƙo mini kofin farko. Na waiwaya in miƙa wa Kawu, sai na hango shi ya riga ya kai rabin gaɓa, yana hawa a hankali shi kaɗai. Na sha kofin. Wannan ma sai in faɗa, na sha.

Da la'asar na tafi gidansa. Na tarar da shi a rumfar tsakar gida, kishingiɗe a kan gadon igiya, hannun a kan matashi. Na gaishe shi, na zauna a ƙasa. Na zo da magana a bakina tun daga lambu, amma da na zauna sai ta ƙi fita. Na tambayi jiki. Na ce ruwa ya kai lambun ƙarshe, albasa ta fara miƙewa.

Ya ce, "Madalla." Sannan ya ce, "Jinkiri kaka so, ko?"

Na sunkuyar da kai, shi kuwa ya ci gaba.

"Na san jinkiri kaka so. Ba ka nuhi hannuna ba, wanga na sani. Amma in kana son wuta ta makara, wajen da sandar cikin manyato take juyawa kaka bi da shi. Kai kuwa ka bi da shi baya. Sau biyu ina koya maka wanga." Ya gyara hannun a kan matashi, ya ɗan runtse ido don zafi. "Yanzu babur na hannunka, mutane za su riƙa wana shi bisa maganarka. Ka riƙe wanga da kyau, kada ka karya wani."

Da zagina ya yi, ko ya ɗaga sandarsa, da na sami abin riƙewa. Amma yana kwance da karyayyen hannu yana gyara mini kuskuren aiki. Kunya ta rufe ni har na ji kamar in nutse a wurin. Na ce, "Kawu, ku yi mini..." Ya ɗaga hannun hagu ya tsayar da ni.

"Da ka zo ka ce mani ka gaji da jira, da na ba ka. Tun bara nike son in aje, ina jin nauyin in ce na kasa. To ga shi ka sauƙaƙa mani." Ya yi ɗan murmushin da ban so gani ba. "Maganar ga ta tsaya nan. Kana da ɗiya, kuma nan za ka zauna da mutanen ga."

Ta tsaya nan ɗin kuwa. Hannun ya ɗoru amma bai koma daidai ba, har ya bar duniya ba ya iya damƙe kofi da shi sai ya tallafa da na hagu. Bai sake sauka rumfar babur ba ko sau ɗaya, ko da aka yi ta roƙonsa ya zo ya zauna a sha jabana. Ni na riƙe injin shekara tara, har aka kawo mai aiki da hasken rana aka jingine tsohon. Ana kirana Usta ina amsawa. Wannan ne karo na farko da na faɗi abin da ya faru, kuma sai da na bari duk wanda zai ji zafinsa ya kwanta dama.

Amma ban gama ba da labarin yammacin nan ba. Muna zaune haka, ni kaina a ƙasa, sai mahaifiyata ta yi sallama, ɗauke da kwanon kunu da ta dama wa yayanta. Labari ya riga ya kai mata cewa ɗanta ya tayar da babur bayan ya gagari kowa. Ta ajiye kwanon, ta yi wa Kawu sannu, ta dube ni fuskarta cike da murna. Ba mace ce mai yabon ɗa a gabansa ba, ban taɓa jin ta yi ba sai ranar.

Ta ce, "Yaya, ka ga amfanin riƙon da ka yi mai. Yau ya hutar da kai, ya rufa muna asiri." Ta ɗaga hannu biyu. "Allah shi yi maka albarka. Yadda ka yi ma kawunka, Allah shi ba ka wanda za shi yi maka."

Uwa ta yi addu'a, dole ɗa ya ce amin, ga ta tsaye tana jira. Kafin in motsa leɓe Kawu ya yunƙura ya tashi zaune, har hannun ya zame daga kan matashi.

Ya ce, "A'a. Bar wagga. Roƙa mai lahiya dai, da gamawa lahiya."

Ta dube shi da mamaki, ta ce yau kuma addu'a ake zaɓa? Ya ce eh, shi dai wannan yake so. Ta yi dariya, ta ce tsufa ya fara taɓa shi, ta sake ɗaga hannu ta roƙa mini lafiya da gamawa lafiya. Kawu ya riga ni cewa amin. Sannan ya ce in matso da kwanon in riƙe masa, domin ba zai iya sha da hannu ɗaya ba.